Takobin kakanmu ya fi sabon da na saya daɗin riƙo: a ina matsalar take?

Ɗan Kwarbai ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a harkar doki da kayan hawa. Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, kuma shekara shida ke nan ina hawa a tawagar kawuna duk Sallah, tun daga hawan idi har zuwa hawan bariki da hawan daushe. Takobin da nake ratayawa na gado ne, na kakan mahaifina, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, da kwarmi uku a tsakiyar ruwansa da tambarin jinjirin wata guda biyu. Bara kubensa ya soma ruɓewa, ƙotar kuma ta fara motsi, shi ya sa muka yi shawara a gida cewa a ajiye shi ya huta, ni kuwa in nemi wani na ƙirar zamani in riƙa hawa da shi.

Guda biyu na samu. Na farko kwaikwayon takobin mahayan Ingila ne samfurin 1796, mai lanƙwasa da kaifi ɗaya, irin wanda tsofaffinmu za su kira bisalami, an ƙera shi a Indiya, wani abokina mai zuwa fatauci Dubai ya taho mini da shi. Na biyun kuwa mai ƙyalli ne ƙwarai, da ƙota ruwan zinariya, na saye shi a wani shago da araha. Ranar Asabar da ta wuce na ɗauke su zuwa lambun wani ɗan'uwanmu a gefen Kubanni, na gwada su a kan kututturen ayaba da tabarmar kaba da na naɗe na jiƙa tun daren Juma'a. Mai ƙyallin, a sara na biyu ƙotarsa ta murɗe a hannuna, ya kuma fara ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, sai na ajiye shi. Na Indiyan ya raba ayabar biyu ba gardama, amma kafin in yi sara ashirin wuyan hannuna ya gaji, kuma duk lokacin da na kai sara sai in ji kansa yana jana gaba, ba ya son tsayawa inda na nufa. Da na koma gida na zare na kakanmu na kaɗa shi a iska kawai, sai na ji shi kamar sandar makiyayi, yana bin hannu duk inda aka juya shi, alhali tsawonsu kusan ɗaya ne.

Tambayata ita ce, shin haka takubban Turawa na asali suke da nauyin kai, ko kuwa masu kwaikwayon ne ba su kai ba? Wace hanya ake bi a gane ingancin takobi ba tare da an lalata shi ba? Kuma ko akwai laifi in gwada na kakanmu a kan ayabar, ko da sara ɗaya ne, domin kwatancen ya cika?

Injiniya Samaru ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka ji a wuyan hannunka ba rauninka ba ne, kuma kusan duk wanda ya taɓa riƙe tsohon takobi ya kuma riƙe na kwaikwayo ya san shi. Mutane sukan ɗauka cewa nauyin da sikeli ya nuna shi ne magana, amma takubba biyu na iya zuwa daidai a sikeli, ɗaya ya zama kamar bulala a hannu ɗaya kuma kamar taɓarya, saboda abin da ke aiki shi ne inda nauyin ya zauna a tsawon ruwan.

Samfurin 1796 da ka ambata wani hafsan mahaya ne mai suna John Le Marchant ya tsara shi tare da Henry Osborn, wani maƙerin takubba na Birmingham, bayan da ya ga yadda mahayan Ingila suka sha wahala da takubbansu masu nauyi a yaƙin da suka yi da Faransa a farkon shekarun 1790. Tsawon ruwansa kimanin santimita 83 ne, kuma nauyin na asali bai cika kai kilo ɗaya ba. Sirrinsa yana cikin kaurin gadon bayansa: a gindi, kusa da makarin hannu, yakan kusa milimita 10, amma yana raguwa da sauri, har ya zama kusa da tsini bai fi milimita 2 ba, ko da yake a nan ne ruwan ya fi faɗi. Wato ƙarfen ya taru kusa da hannu, gaban kuma ya zama faffaɗa marar kauri, mai shiga nama cikin sauƙi. Ya karɓu har Jamusawan Furusiya suka kwaikwaye shi a samfurinsu na 1811.

Masana'antun da ke yin na kwaikwayo a yau, waɗanda yawancinsu suna Indiya da Sin, sau da yawa daga farantin ƙarfe mai kauri ɗaya suke yanko ruwan, kuma rage kaurin daga gindi zuwa tsini aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, saboda haka sukan yi shi sama-sama. Sai ka tarar gindin bai kai kaurin na asali ba, gaban kuma ya ninka na asali kauri. Giram hamsin da aka bari a tsinin takobi ya fi giram ɗari biyu da ke cikin ƙota wahalar da hannu, kamar dai yadda tulun ruwa a ƙarshen sanda ya fi wanda aka rungume a ƙirji nauyi.

Kafin ka sake sara komai, ka yi awo. Ka ɗora kowane takobi a kan yatsanka ka nemi inda yake tsayawa ba ya rinjaya ko'ina, sannan ka auna daga nan zuwa makarin hannu. A takobin sara irin na mahaya akan same shi a tsakanin santimita 15 zuwa 18, idan ya haura 20 kuwa hannu zai faɗa maka. Ka ari ma'aunin kauri wurin masu gyaran inji ka auna gadon bayan a gindi da tsakiya da kuma taƙi ɗaya kafin tsini. Bayan haka ka riƙe takobin tsaye ka bugi ƙarshen ƙotar da tafin hannu, za ka ga ruwan yana karkarwa sai wuri ɗaya da ya tsaya cik, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku daga tsini, to nan ne ya kamata sara ya sauka, domin a nan ne girgiza ba ta komawa hannu.

Game da ƙarfen kansa, idan an rubuta 1055 ko 1060 a takardar da ta zo da shi, lambobi biyun ƙarshe suna nuna yawan sinadarin kabon ne, wato kusan kashi 0.55 ko 0.60 cikin ɗari, kuma wannan ya isa takobi matuƙar an gasa shi an tsoma shi yadda ya dace. Mai ƙyallin naka ina kyautata zaton farin ƙarfe ne irin wanda ba ya tsatsa, wanda yake da kyau a wuƙar kicin amma yake da saurin karyewa idan ya yi tsawon takobi. Gwajin da aka fi sani shi ne a kafa tsini a katako a lanƙwasa ruwan a sake shi a ga ko zai koma daidai, kuma a 1844 kamfanin Wilkinson na Landan ya soma amfani da na'urar da ke yi wa kowane takobi irin wannan jarrabawa kafin a buga masa tambari. Ina ganin za ka iya yi wa duka ukun wannan a hankali.

Jikan Maƙera, Tudun Wada, ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Injiniya ilimi, na ƙaru da bayanin awo ƙwarai, domin abin da muke ji a hannu ba mu iya faɗarsa da lamba shi ya faɗa. Amma a gafarce ni, ban yarda da jimlarsa ta ƙarshe ba. Sabon takobi a lanƙwasa shi, idan ya karye an yi asarar kuɗi ne kawai, gara ma ya karye a tsakar gida da ya karye a Ƙofar Fada cikin taro. Na gado kuwa ba a yi masa haka. Ƙarfen da ya haura shekara ɗari yana iya samun tsatsar da ta ci shi ta ciki, musamman a wutsiyar da ke ɓoye cikin ƙota, inda gumi da damina suke taruwa ba wanda ya gani, kuma tun da ka ce ƙotar tana motsi, to alama ce ta cewa akwai abin da ya saki a can. Irin waɗannan takubba an wasa su sau ba adadi tun zamanin masu su, har wasu sun rage faɗi, shi ya sa ma wani ɓangare na sauƙin da kake ji a hannu aikin dutsen washi ne na shekaru. Kada ka sari ko da kabewa da shi, ƙanena. Idan ya karye, walda za ta haɗa shi a ido, amma zafinta zai kashe ƙarfen da ke gefen ɗinkin, kuma ba zai sake zama takobi ba.

Tambarin jinjirin watan da ka gani yana da labari. Da yawa daga cikin ruwan takubban ƙasar nan da na Buzaye da na Sudan daga Turai aka kawo su ta hamada, musamman daga garin Solingen na Jamus, a nan gida kuma maƙera su sa ƙota, dukawa su yi kube da hamila. Da mutane suka saba ganin tambarin a kan ƙarfe mai kyau, sai maƙeranmu su ma suka riƙa buga shi a kan nasu, saboda haka tambarin kaɗai ba ya tabbatar da inda aka ƙera shi. Kwarmin ya fi faɗin gaskiya: na masana'anta yakan tafi santal da zurfi ɗaya, na hannu kuwa za ka ga yana ɗan kaucewa.

Mai ƙyallin nan ba sai na gan shi ba, na san abin da ke cikin ƙotarsa, domin an sha kawo mana irinsa gyara bayan Sallah. Ruwan yakan ƙare daidai makarin hannu, sai a liƙa masa siririn rodi da walda, a zura shi cikin ƙota a ɗaure da noti. Takobin kirki kuwa wutsiyarsa jikin ruwan ce, faffaɗa, ta ratsa ƙotar har ƙarshe a dake kanta da masaba. Ka kwance notin ka duba da idonka. Idan ka ga ɗinkin walda, to ka rataye shi a bangon zaure, kada ka ko zare shi da ƙarfi a cikin mutane, saboda ranar da waldar ta saki ruwan tashi zai yi kamar an jefa mashi, ƙotar ta rage a hannunka.

Mu a maƙera da ƙarfen sifirin ɗin mota muke yin adda da takobi, kuma gwajinmu bai wuce uku ba. Mukan rataye ruwan da zare mu ƙwanƙwasa shi, mai lafiya yana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa amonsa a mace yake. Mukan goga magagari a wurin da ba ya nunawa: idan ya ci shi kamar yana cin rodi, ƙarfen bai ji wuta ba, zai lanƙwashe ya zauna, idan ya zame bai kama komai ba, ya yi tauri da yawa, zai ɓalle, wanda ake so shi ne magagarin ya kama shi da ƙyar. Na ukun shi ne lanƙwasawar da Injiniya ya faɗa, ita ma ba a wuce taƙi ɗaya, kuma a yi ta ɓangarorin biyu. Na Indiyan naka, idan ya ci waɗannan, ana iya rage masa kaurin gaba, amma da magagari da dutse da ruwa, a hankali. Idan ka kai wa mai injin washi ya danna shi har ƙarfen ya yi shuɗi, to wurin ya mutu, ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Tsohon Mahayi, Babban Dodo, ya rubuta:

Ɗana, na karanta tambayarka da amsoshin malaman nan biyu, Allah ya saka musu da alheri. Ni ba injiniya ba ne, ba kuma maƙeri ba, amma na fara hawa tun farkon sarautar marigayi Sarki Shehu Idris, wanda ya hau gadon Zazzau a 1975, kuma abin da zan ce shi ne ka yi gwajinka a ƙasa, alhali duka takubban nan na kan doki ne. Mutumin da ke tsaye yana saran ayaba da ƙarfin kafaɗarsa yake aiki, dole ne ya tsayar da takobin da kansa bayan kowane sara, shi ya sa wuyan hannunka ya gaji. Mahayi kuwa gudun doki ne ke yi masa aikin, shi nasa kawai ya miƙa kaifin daidai ya bar shi ya ja ya wuce, kuma lanƙwasar bisalami amfaninta ke nan, tana yanka tana zamewa, ba ta maƙalewa ta fizge mutum daga sirdi. Don haka ɗan rinjayen gaba a takobin mahayi da gangan ne. Abin da Injiniya ya bayyana shi ne idan rinjayen ya wuce kima, kuma na yarda da shi.

Ka kuma sani cewa ba a gwada takobi shi kaɗai a ce ya fi wani, sai an tambaya me aka ƙera shi ya sara. Kakanninmu suna fuskantar 'yan lifidi, waɗanda su da dawakansu suke lulluɓe da rigar auduga mai kauri, da 'yan sulke da masu garkuwar fata, kuma takobi ba shi ne makami na farko ba; mashi ne a gaba, 'yan baka suna ruwan kibiya, sai an cakuɗe ake zare takobi. Idan kana son ka ga abin mamaki, ka naɗe tsohon bargo ninki huɗu a kan kututturen ayabar nan ka sake sara, za ka ga takobin da ya raba ta biyu jiya yau ya tsaya a bargo. Su ma Turawan sun yi ta gardama tsakanin takobin sara da na suka fiye da shekara ɗari, har Ingila ta koma miƙaƙƙen takobin suka zalla a 1908, Amurka ta bi ta a 1913, a daidai lokacin da bindiga ta riga ta gama da zancen. Mu nan mun ga haka tun kafin su: daga Zariyar nan rundunar Ingila ta Kanar Morland ta tashi ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, kuma a cikin watan ne mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai hari a Kwatarkwashi kan 'yan tsirarun sojoji masu bindiga, Wazirin ya rasu a wurin, ba kuwa don takubbansu ba su da kyau ba.

Akwai abin da ba wanda ya taɓo, wato kube. Na tabbata na Indiyan naka da kuben ƙarfe ya zo, mai zobe biyu, domin haka na sojan Ingila yake, a ɗamara ake rataya shi. Kuben ƙarfe yana cin kaifi duk shiga da fita. Wani hafsansu mai suna Nolan, wanda ya mutu a yaƙin Balakalaba a 1854, ya yi mamakin irin raunin da mahayan Indiya suke yi da takubbansu, da ya bincika sai ya tarar tsofaffin ruwan samfurin 1796 ne da Ingila ta yar, suka sake musu ƙota, suka wasa su sosai, suka ajiye su a kuben itace. Dukawanmu da suke yin na fata sun san abin da suke yi.

Sai dai in tambaye ka, ɗana, me za ka yi da kaifi a hawan Sallah? A jahi dawakai suna tahowa kafaɗa da kafaɗa, a ja linzami lokaci ɗaya a gaban Sarki, yara suna kutsawa ta ko'ina. Na taɓa ganin saurayi ya zare takobi cikin murna ya yanke wa dokinsa kunne, kuma an ce shi kansa Le Marchant ɗin abin da ya fara damunsa ke nan, yadda mahayansu suke raunata dawakansu da hannunsu. Wanda za ka hau da shi ya zama dakusasshe, mai ƙota mai ƙarfi, mai kube da ke riƙe shi ko doki ya yi tsalle. Mai kaifin ka bar shi a gida don lambu, kuma ko lambun za ka kai shi ka naɗe shi a buhu, ka sanar da kawunka, domin a zamanin nan jami'an tsaro ba sa wasa da saurayin da aka gani da makami a hanya, kuma suna da hujja.

Ɗan Kwarbai ya rubuta:

Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Na gode Injiniya, na gode yayana na Tudun Wada. Jiya da yamma na yi awon. Na Indiyan ya ɗan haura kilo ɗaya a sikelin mai nama na unguwarmu, yana daidaita a santimita 21 daga makarin hannu, kaurinsa a gindi milimita 7, kusa da tsini kuma 4, wato dai yadda Injiniya ya zana shi tun bai gan shi ba. Na kakanmu giram 800 ne da 'yan kai, ban lanƙwasa shi ba, ban kuma sari komai da shi ba, na dai rataye shi da zare na ƙwanƙwasa, amonsa ya daɗe kafin ya ɗauke. Mai ƙyallin na kwance notinsa a gaban kawuna, muka tarar da rodin da bai fi kaurin fensir ba, waldar ma ta riga ta tsage rabi, yanzu haka yana bangon zaure.

Saura abu ɗaya. Na fi son in rataya na Indiyan da hamila a kafaɗa kamar yadda muka gada, ba a ɗamara ba, amma da na gwada da zobban kuben ƙarfen sai ya riƙa juyawa, ƙotar tana kallon ƙasa. Shin baduku zai iya yi wa lanƙwasasshen takobi kuben fata, ko sai an fara sassaƙa masa na itace?

Jikan Maƙera, Tudun Wada, ya rubuta:

Sai an fara da itace, ƙanena, domin fata zalla tana bin miƙaƙƙen takobi amma a lanƙwasasshe takan karye a tsakiya idan an zare shi, wajen mayarwa kuma tsinin ya huda ta. A samu falle biyu na itace marar nauyi wanda ya bushe sosai, a kwanta ruwan a kai a zana, a fafe kowanne rabin kaurinsa, a haɗa, sannan baduku ya ja jar fata a kai tana da ɗanshi domin ta kama idan ta bushe. Zobban kuwa kada a kwaikwayi inda suke a na ƙarfen. A sa takobin cikin sabon kuben a nemi inda yake daidaita a yatsa, zobe ɗaya ya zauna sama da wurin, ɗaya ƙasa da shi, amma na saman ya fi kusa da bakin kube, ta yadda ƙotar za ta ɗaga ta zo daidai hannunka. Ka fara kawo shi a rage masa kaurin gaban tukuna, saboda idan aka yi kuben kafin a rage shi zai riƙa motsi a ciki. Ka haɗo da na kakan naku mu duba wutsiyarsa mu ɗaure ƙotar, ka kuma shafa masa ɗan man keken ɗinki kafin damina ta sauka, amma kada ka goge shi da samfefa.